Tiyatar jita: Yadda mai gyaran rediyo zai iya sauya wa jitar lantarki murya a Maradi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da lasifika a wurin biki ko taron matasa, kafin makaɗa su fara, ya san wannan ƙugin mai kama da na ƙudan zuma a cikin tulu. Mai jita ya murɗa nan, ya taɓa can, ya harari mai kayan sauti, shi kuma ya ɗora wa janareta laifi. Sau da yawa tushen matsalar yana cikin jitar ne, a ƙarƙashin farantin robar da aka ɗaure da ƙusoshi, inda wasu ƴan wayoyi da ba su kai kaurin tsinken tsintsiya ba suke yanke hukuncin irin sautin da jama'a za su ji.

A Turai da Amurka, buɗe jita a sauya mata kayan ciki sana'a ce mai zaman kanta. A Maradi kuwa kayan aikin suna nan a hannun masu gyaran rediyo, talabijin da salula, daga unguwar Zariya har kewayen babbar kasuwa: ƙarfen narka dalma, mitar awon wuta, da akwatin tsofaffin kayan da ake ciro ƴan ƙananan sassa daga ciki. Abin da ya rage shi ne mai gyara ya san cikin jita, makaɗi kuma ya san abin da zai nema. Akwai kuma abin da ya wajaba su biyun su sani kafin a kwance ƙusa ko ɗaya: wayar da ke kashe ƙugi ita ce kuma ke iya kai wutar lantarki jikin makaɗi.

Gado ne daga magabata

Sunan Nijar ya yi nisa a fagen jita, kuma da dabarar hannu aka fara. Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan asalin jihar Tawa ne. Ya sha ba da labarin yadda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayoyin birkin keke, bayan ya ga wasan marigayi Abdallah Oumbadougou, domin a gidansu ba a maraba da kiɗa balle a saya masa. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, cikin salon sitidiyon waƙoƙin Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula, har ɗaya daga ciki ta shiga kundin Music from Saharan Cellphones na kamfanin Sahel Sounds da ke Amurka. A 2021 kamfanin Matador ya fitar masa da Afrique Victime. Shi kuwa Bombino na Agadas, faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar lambar Grammy. Kafin su, Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen a Mali da gwangwani da sanda da wayar birki ya fara.

Bahaushe ma ba baƙo ba ne a nan. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, da tsarkiya ɗaya tak, amma ya zagaya duniya da shi. A Maradi, marigayi Sa'adu Bori ya ɗauko kiɗan bori ya haɗa shi da kayan kiɗan zamani. Faifan Niamey Twice da ya yi tarayya da Moussa Poussy ya fito a 1994, shi kuma ya rasu a haɗarin mota a 2008.

Wajen shigar da lantarki da hannu kuwa, misali mafi kusa yana Kinshasa. Mingiedi Mawangu, wanda ya kafa ƙungiyar Konono N°1 a shekarun 1960, ya ga hayaniyar birni na danne sautin likembe, ƙaramin abin kiɗa mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da manyan yatsu. Sai ya ciro maganaɗisu daga tsofaffin kayan mota, ya naɗa masa waya, ya haɗa da batirin mota da manyan lasifikoki. Sautin ya fito da kaushi da ƙara, kuma wannan kaushin ne ya zama tambarinsu lokacin da faifan Congotronics ya fito a 2004. A Ingila, Brian May na ƙungiyar Queen shi da mahaifinsa suka fara sassaƙa jitarsa a 1963 da katakon tsohon murhun ɗaki, suka sa mata makunnai shida na kansu. Da ita yake wasa har yau.

A yau fiyano da kwamfuta ne suka mamaye sitidiyoyin waƙar Hausa daga Kano har Maradi. Jita ta fi rayuwa a hannun ƙungiyoyin makaɗa, mawaƙan majami'u, bukukuwan Abzinawa, da matasan da ke koyo ta YouTube. Waɗanda ke zuwa hannunsu galibi kwaikwayon Fender Stratocaster ne ƙirar Asiya, ko na hannu da suka biyo ta Kano, Legas ko Kwatano. Irin waɗannan sau da yawa katakonsu da wuyansu ba laifi. A kayan lantarki ne masana'anta ke tsuke hannu, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi da araha.

Me ke cikin jita?

Jitar lantarki ba ta da rami mai amsa amo kamar ƙwaryar gurmi. A ƙarƙashin tsarkiyoyinta akwai maɗaukan sauti, waɗanda wasu makaɗa ke kira fikof, masu Faransanci kuma mikro. Kowane ɗaya maganaɗisu ne da aka naɗa wa wayar jan ƙarfe siririya kamar silin gashi. A Stratocaster naɗin yakan kai zagaye kusan 8,000. Idan tsarkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, ƴar wuta kaɗan wadda yawanci ba ta kai bolt ɗaya ba ta haihu a cikin naɗin. Ita ce amfilifaya ke karɓa ta ƙara mata ƙarfi. Shi ya sa tsarkiyar roba ba ta aiki a nan, amma wayar birkin keke za ta yi.

Dabarar ta daɗe. George Beauchamp ya ƙera ta a Amurka a farkon shekarun 1930, aka sayar da jitar da sunan Rickenbacker. Stratocaster ta fito a 1954 da maɗaukai uku da makunni mai matsayi uku. Makaɗa da kansu suka gano cewa idan aka maƙale makunnin a tsakanin matsayi biyu, maɗaukai biyu na aiki tare, wani siririn sauti mai daɗi ya fito. Sai a 1977 kamfanin Fender ya bi sahunsu ya sa makunni mai matsayi biyar. Wato tun asali makaɗa ne ke gaba, masana'anta na biye.

Daga maɗaukai, wutar na bi ta makunni, ta shiga maɓallin ƙara murya da na sauya launin sauti, inda ake da ɗan kwandansa, sannan ta fita ta bakin da ake soka wayar amfilifaya. Iyakar kayan ke nan. Mai gyaran da ya saba da allon salula mai ɗaruruwan sassa zai ga abin kamar wasan yara. Bambancin shi ne wutar jita ba ta da ƙarfi ko kaɗan, don haka kowace hayaniya da ta shiga cikinta amfilifaya zai ninka ta tare da kiɗan.

Gyaran farko: kashe ƙugi

Naɗin wayar nan ba ya bambanta tsarkiya da sauran abubuwa. Wutar NIGELEC, kamar ta Najeriya, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma maɗauki mai naɗi ɗaya yana kama wannan kai-komon daga taransifoma, janareta da wayoyin bango. A kan haka kuma ga tsatsar da fitilun zamani, cajar salula da ƙananan inbatar sola ke fitarwa. Tun bayan da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, sakamakon takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har aka maido da ita a watan Maris na 2024, dogaro da janareta da sola ya ƙaru a gidaje da wuraren taro. Ga mai jita, wannan na nufin ƙarin hanyoyin shigar hayaniya.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar ko dala. A haɗa jita da amfilifaya mai lafiya, a ɗaga murya, a taɓa tsarkiyoyi. Idan tsatsar ta ragu, wayar ƙasa da ta haɗa jakin jitar, wato ƙarfen da tsarkiyoyi ke hawa a kai, tana aiki, abin da jitar ta rasa shi ne garkuwa. Idan babu abin da ya sauya, mai yiwuwa wannan wayar ta tsinke. Idan kuwa ƙarar ta ƙaru, akwai alamar an juya wayoyi biyun bakin fita, kuskuren da ake yawan yi bayan gyaran gaggawa.

Garkuwa ita ce a shimfiɗa siririn jan ƙarfe mai gam a cikin ramukan da kayan lantarki ke zaune da bayan farantin roba, a tabbatar kowane yanki na taɓa ɗan uwansa, sannan a haɗa duka da wayar ƙasa. Idan babu jan ƙarfe, takardar alminiyom ta girki na yi, sai dai dalma ba ta kama ta, don haka da ƙusa ake danne wayar a kanta. Mita ce za ta nuna ko haɗin ya zagaya ko'ina. A kuma kula kada garkuwar ta taɓa ƙafar makunni ko ta maɓalli, in ba haka ba jitar za ta yi shiru gaba ɗaya.

Garkuwa na rage tsatsa sosai, amma ba ta gama da ƙugin sau 50. Maganin wannan shi ne maɗauki mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson, ya fara fitowa a jitocinsu a 1957. Naɗi biyun na fuskantar juna a juye, maganaɗisunsu ma haka, sai ƙugin ɗaya ya cinye na ɗayan, kiɗan kuma ya haɗu ya yi kauri. Yawancin Stratocaster na yanzu an juya musu maɗaukin tsakiya saboda wannan dalili, shi ya sa matsayi na biyu da na huɗu suka fi shiru. Makaɗin da ƙugi ya dama a tsakiyar wasa zai iya fakewa a nan.

Sai ƙura. Hunturun Maradi na cusa ta cikin maɓallai da makunni, zufar bazara kuma ta sa su tsatsa, sai a riƙa jin ƙarar ƙwas-ƙwas idan an murɗa. Maganinta feshin wanke kayan lantarki da masu gyaran rediyo suka sani. Man inji ko fetur lalata su yake yi. Maɗaukin da ke tsuwa idan an ɗaga murya kuwa, naɗinsa ne ya saki. Ana tsoma shi cikin narkakken kyandir da aka haɗa da kakin zuma, a zafin da bai wuce digiri 65 ba, cikin kwanon da aka ɗora a ruwan zafi. Ba a ɗora kwanon kai tsaye a kan wuta, domin kyandir na kamawa.

Sauya murya da kuɗi kaɗan

Bayan jita ta yi shiru ne ake maganar ƙawa. Kiɗan jitar Sahel, mai saurin yatsu da maimaita jimla, yana son sauti mai haske wanda kowace ƙwaya ke fita daban. Abubuwa uku masu araha ke da tasiri a kan wannan.

Na farko maɓallin murya. A bayansa akan rubuta 250K ko 500K. Mai 250K shi ake sa wa maɗauki mai naɗi ɗaya, yana ɗan tausasa kaifinsa. Mai 500K na barin haske ya wuce, shi ya sa ake haɗa shi da mai naɗi biyu. Jitar da sautinta ya dushe kan farfaɗo da wannan sauyin kaɗai. Harafin da ke gaban lambar ma na da ma'ana: a kayan Asiya, mai A na ƙara murya daidai da yadda kunne ke ji, mai B kuma na tafiya ne daidai da awo.

Na biyu kwandansan launin sauti. Mai lamba 473 na duhunta sauti sosai idan an murɗa maɓallin baya, mai 223 na yin haka a hankali. Kasuwar intanet cike take da masu tsada da ake yi wa kirari, amma lambar ce ke aikin, kuma ana samun irinta a cikin mataccen rediyo.

Na uku, makaɗa da yawa sun lura idan suka rage murya daga jikin jita, hasken sautin na tafiya tare da ita. Ɗan kwandansa mai lamba 102 da aka liƙa tsakanin ƙafar shiga da ta fita ta maɓallin murya na magance wannan. Aikin minti biyar ne.

Mai son sabbin muryoyi zai iya ƙara ɗan makunni da ke kunna maɗaukin wuya a kowane lokaci, ta yadda na wuya da na jaki za su yi aiki tare, abin da makunnin masana'anta bai bayar ba. Baƙar Stratocaster ta David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd na da irin wannan. Akwai maɓallin da ake ja sama ya zama makunni, wanda ke hana huda jikin jita. Da shi kuma ake kashe rabin maɗauki mai naɗi biyu, a samu kauri da haske a jita guda.

Bahagwai na da tasu matsalar. Mdou Moctar bahago ne, haka ma Jimi Hendrix, wanda ya riƙa juya jitar dama yana sake jera tsarkiyoyi. Jitar hagu ba ta cika samuwa a kasuwanninmu ba. Wanda ya juya ta dama zai tarar maɓallai sun koma ƙarƙashin hannunsa yana bugunsu ba da niyya ba. Mai gyara zai iya cire waɗanda ba a buƙata, ya bar na murya kaɗai.

Ƙa'ida ɗaya ta shafi duk waɗannan: a ɗauki hoton wayoyin da salula kafin a taɓa komai, a sauya abu ɗaya a saurara kafin a wuce na gaba, a kuma adana tsofaffin kayan. Ƙarfen dalma mai wat 30 zuwa 40 ya isa. Daɗewa da shi a bayan maɓalli na ƙona cikinsa, zafi kuma na iya tsinka siririyar wayar maɗauki, wadda gyaranta sai an sake naɗi.

Idan batir ya shigo

A wuraren biki, sau da yawa babu amfilifayar jita. Akan ja doguwar waya a soka ta kai tsaye cikin na'urar haɗa sauti ta mai kayan haya. Nan jita ke asara sau biyu: doguwar waya na shanye haske, bakin na'urar kuma ba don raunanniyar wutar jita aka yi shi ba. Jita na son mashiga mai juriyar om miliyan ɗaya, na'urar haɗa sauti kuwa takan ba da kusan dubu goma. Sakamakon shi ne sauti kamar an rufe lasifika da bargo.

Maganin shi ne ƙaramin allo mai taransisto ɗaya ko ɗan guntu irin TL072, da batir mai bolt 9, a ɓoye cikin jitar. Yana ƙarfafa wutar tun daga tushe ta yadda doguwar waya ba za ta cutar da ita ba, ana kuma iya sa shi ya ƙara ƙarfi lokacin da makaɗi zai yi fice. Manyan kamfanoni ma na yin haka: Stratocaster mai sunan Eric Clapton da Fender ta fitar a 1988 na ɗauke da irin wannan allo, kamfanin EMG kuma ya shahara da maɗaukai masu batir.

Sai dai batir na da sharuɗɗa. Akan yi amfani da bakin fita mai ƙafa uku domin soka waya ya zama kunnawa, don haka wanda ya kwana da waya a soke zai wayi gari batir ya zuƙe. Idan ya mutu a tsakiyar wasa a Tibiri ko Jiratawa da dare, samun mai bolt 9 ba kamar samun batirin tocila ba ne. Mai dabara kan sa makunnin da ke tsallake allon ya maida jita yadda take, ya kuma sa batirin inda za a ciro shi ba tare da kwance faranti ba.

Ga mai koyo da ba shi da amfilifaya, guntun LM386, wanda ake samu a tsofaffin rediyo da ƙananan lasifikokin kwamfuta, na ba da kusan rabin wat da batir mai bolt 9. Da shi da ƙaramar lasifika a cikin gwangwanin madara, an samu abin atisaye da bai damu da ɗaukewar wuta ba.

Gurmi, molo da garaya

Wannan ilimin bai tsaya kan jita ba. Mai gurmi ko garaya a gaban taro yakan dogara da makirfo da ake riƙe masa kusa da ƙwarya, yana motsawa sauti na ɓacewa. Idan tsarkiyarsa ba ta ƙarfe ba ce, maganaɗisu ba zai ji ta ba. Abin da ke aiki a nan shi ne faifan fiyezo, ɗan zagayayyen farantin nan mai launin zinariya da ke yin ƙara a cikin agogo da kayan wasan yara. Idan aka juya aikinsa, girgiza yake karɓa ya maida ta wuta. Ana liƙa shi kusa da jaki, a gwada wurare daban-daban har a dace. Shi ma yana buƙatar ɗan allon nan mai batir, in ba haka ba sautinsa zai fito siriri kamar na gwangwani. A Mali, Bassekou Kouyaté ya sa wa ngoni, ɗan uwan molo, maɗauki da na'urar sauya sauti ta ƙafa, ya hau manyan dandamalin duniya da shi.

Wayar da ke iya kisa

A nan ne wasa ke ƙarewa. Wayar ƙasan da ke sa tsatsa ta ragu idan an taɓa tsarkiya ta haɗa hannun makaɗi da jikin amfilifaya ne kai tsaye. Muddin amfilifaya na da lafiya kuma an haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata, babu komai. Idan kuwa wuta ta zubo jikinsa, ko jikin na'urar da makirfo ke haɗe da ita, makaɗin da hannunsa ke kan tsarkiya leɓensa kuma ya taɓa makirfo shi ne ya zama hanyar wucewarta.

Abin ya faru. A watan Mayun 1972, Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya, yana da shekara 27, bayan ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa daidai ba. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin The Yardbirds, wuta ta kashe shi a gidansa yana kaɗa jita.

Yanayin wuraren bikinmu ya tara duk abubuwan da ke kawo irin wannan: soket mai rami biyu, filogin da aka karya wa ƙafa ta uku don ya shiga, wayoyi tsirara da aka cusa da tsinken ashana, janaretan da ba a kafa masa ƙarfe a ƙasa ba, ga damshin damina, ga makaɗi da silifa ko ƙafa ba takalmi. Ɗan jan da ake ji a leɓe idan an kusanci makirfo, wanda wasu ke ɗauka abin dariya, gargaɗi ne. A tsaya a bincika.

Matakan kariya sanannu ne. Kada a karya ƙafa ta uku. Amfilifaya da na'urar haɗa sauti su sha wuta daga tushe ɗaya. A sa na'urar yanke wuta mai miliamfa 30, wadda ke katsewa da zarar wuta ta fara bi ta inda bai kamata ba, kuma ita ma sai mai aikin wuta ya haɗa janaretan da ƙasa daidai take aiki yadda ake so. Kafin wasa, a sa mita a awon wutar gida, a taɓa ƙafa ɗaya a tsarkiya, ɗaya a kan makirfo: idan ta nuna wuta mai yawa, ba a fara ba sai an gano dalili. Soson da ake rufe makirfo da shi ba kariya ba ne, musamman idan ya jiƙe. Wasu masu gyara kan sa rezista da kwandansa mai jure wuta a kan wayar tsarkiya don rage ƙarfin jan, amma wannan ragewa ce kawai. Na'urar aika sauti ba waya, ko amfilifaya mai aiki da batir, su ne ke raba makaɗi da wutar bango ta ɓangaren jita.

Cikin jita kanta babu wutar da za ta cutar da mai gyara. Cikin amfilifaya kuwa daban ne: masu kwalba na riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare su daga bango. Wannan aikin gwani ne.

Ga ƴan uwa da ke waje

Da yawa daga kayan kiɗan da ke shigowa tsaraba ce daga ƴan uwa. Kafin a biya kuɗin awo, ga abubuwan lura. Amurka da Kanada na amfani da bolt 120, Nijar kuwa 220 zuwa 230. Amfilifayar da aka sayo a can, idan ba a rubuta a bayansa cewa yana karɓar duka biyun ba, zai ƙone da sokawar farko in babu taransifoma. Kayan Faransa, Beljiyam ko Jamus ba su da wannan matsala. Na'urorin ƙafa masu bolt 9 yawancinsu tsakiyar filoginsu ce mara, akasin yawancin cajojin da ake samu a kasuwa, kuma caja mara dacewa na iya kashe su. A haɗo da tasu.

Maɓallan ƙirar Amurka sun fi ramukan jitocin Asiya kauri, hulunansu ma ba sa shiga na juna, don haka a tambayi irin jitar kafin a saya. Kuma sau da yawa ƙaramin ƙunshi ya fi babban kwali amfani: tsarkiyoyi, naɗin jan ƙarfe mai gam, makunni mai kyau, bakin fita biyu ko uku, waya mai garkuwa, da mita. Duka za su shiga aljihun jaka. Abin da ba a samu ba kuma, kasuwar Sabon Gari a Kano da ta Alaba a Legas na nan, ga masu bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya.

Wa zai haɗa su?

Maradi na da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, tana da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyarta ta fasaha inda ake koyar da aikin lantarki. Yamai na da cibiyar horar da makaɗa mai sunan Alhaji Taya. Tsakanin ɗalibin da ke neman aikin kammala karatu, da mai gyaran salula da ke neman ƙarin hanyar samu, da makaɗin da jitarsa ke rataye saboda waya ɗaya ta tsinke, tazarar ba ta wuce tafiyar kabu-kabu ba.

Mai gyaran da ya koyi wannan fanni ba jita kaɗai zai samu ba. Masu gurmi da garaya, majami'u, masu hayar kayan sauti, har masallatan da lasifikarsu ke ƙugi, duk matsalarsu ta garkuwa da wayar ƙasa ce. Shi kuwa makaɗi, idan ya kai jitarsa, ya san jerin da zai bi: a fara da lafiyar wuta, a bi da kashe ƙugi, sannan a zo kan murya. In ya so daga baya ya zauna kusa da teburin, ya karɓi jitar bayan kowane liƙi ya kaɗa, domin mita na auna om ne kawai, kunnen mai kiɗa ne zai ce an dace.